Kimba da Jirgin Sekondi

A Zangon Kumasi, zamanin da jirgin ƙasa bai daɗe da fara zuwa gari ba, an yi wani Kimba, mutumin Dosso, mai ɗaurin huhun goro. Sana'arsa ke nan, amma ba da ita aka san shi ba. Da yawo da baƙi aka san shi. Fatake ba su gama sauke kaya ba, sai ga Kimba ya karkaɗe riga, wai zai nuna musu gari. Kai ka ce ubansa ne ya sari Kumasi.

Hanyarsa ɗaya ce kullum. Kasuwa tukuna, inda matan Tonawa, 'yan ƙasa, ke zuba ayaba da dodon koɗi. Sai gidan soja na dutse, a leƙa manyan bindigogi daga nesa. In an yi sa'a ana makoki a cikin gari, a tsaya a ji kiɗa. Ƙarshe kuwa tasha, a jingina da shinge har jirgi ya yi kuka, baƙo ya zabura yana salati, Kimba ya ƙyalƙyale da dariya. Shi kansa fa bai taɓa shiga jirgin nan ba. Ya ce ya ajiye wannan sai ranar da amininsa Sumana ya zo daga gida, su shiga tare. Duk ayarin da zai koma arewa sai ya ba shi wannan saƙo.

Ana nan sai wani Wahabu, haifaffen Zango, ya fara ɗaukar baƙi shi ma. Yana jin yaren Tonawa kamar ruwa, ya san inda ake daka fufu mai kyau, ga shi masu gadin tasha abokansa ne, har gindin jirgi yake kai mutum. Wayyo, Kimba kamar ya haɗiyi garwashi! Ko sunan Wahabu aka ambata sai ya tofar da goron bakinsa. Hassada ce zalla, kowa ya sani, shi ma ya sani.

To, Allah da ikonsa, Sumana ya iso, kuma ayarinsu ya sauka a gidan da Wahabu ke yi wa hidima. Kafin labari ya kai wa Kimba, an riga an kai Sumana kasuwa. Maimakon ya je ya yi wa baƙo sannu da zuwa kamar yadda aka saba, sai ya shige ɗaki ya ja tabarmar ƙofa. Sumana ya zo da ƙafarsa yana sallama, Kimba ya sa matarsa Hajaratu ta ce ba ya nan. Ta faɗa, amma da ta dawo ta ce masa, "Malam, wannan ba fushi ba ne, wauta ce."

Bai ji ba. Sai ya riƙa bin Wahabu da Sumana a baya yana laɓewa, yana ƙunƙuni: ji inda ya tsayar da shi, ai ba ta nan ake ganin bindigogin ba.

Ranar da zuciyarsa ta sauko, ya sa rigar sallarsa ya tafi masaukin. Aka ce masa sun tafi tasha, Wahabu zai kai Sumana garin Sekondi a jirgi ya ga teku. Kimba ya ruga, tsofai-tsofai da shi. Ya isa shingensa jirgi na motsawa. Ga Sumana a taga, ya yi furfura, yana ɗaga hannu yana kira, "Kimba! Na neme ka!"

Yana nan riƙe da shinge har hayaƙin ya ɓace. Wani baƙo da ke gefensa, ido waje, ya tambaye shi mene ne wannan abu. Mutumin da kan yi rabin yini yana bayani, sai ya ce, "Jirgi ne," ya juya ya tafi.