Haƙorin da Ba a Cire Ba

Kowa a layinsu Anti Mai Kitso yake ce mata, har waɗanda suka girme ta. Tun tana budurwa take kitso a ƙofar ɗakinta, kan wata 'yar kujera da aka ɗaure ƙafarta da waya, kuma da sana'ar nan ta yi rainon 'ya'yanta bayan rasuwar maigidanta. Mace ce mai barkwanci, sai dai ba ta shiri da asibiti. Kowane irin ciwo, man zafi take shafa masa ta ci gaba da tsaga.

Wata safiya tana cikin yi wa wata kitso, muƙamuƙinta ya ɗauki ciwo, ya gangaro har kafaɗar hagu. Ta ce haƙori ne. Da ƙyar babbar 'yarta ta lallaɓa ta suka je wurin likitar haƙori da ke bakin titi.

Likitar, wata siririya mai tabarau, ta leƙa bakin, ta ƙwanƙwasa nan da can. Sai ta tsaya kallon zufar da ke tsattsafo wa Anti a goshi, ga fanka tana ta juyawa.

"Mama, ƙirjinki fa?"

"Kamar an ɗora min turmi. Ke dai cire haƙorin, na baro kan mutane rabi."

"Haƙoranki sun fi nawa lafiya. Zuciyarki nake ji wa tsoro."

Ta ba ta asfirin ta tauna, ta ba masu jira haƙuri, ta kwashi Anti da 'yarta a motarta sai babban asibiti.

Can aka manna mata wayoyi a ƙirji, na'ura ta zano bugun zuciyar. Likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciya jini ce ta toshe. Bai rufe baki ba jininta ya sauka, hannuwa suka yi sanyi ƙalau, ta daina gane muryar 'yarta. Nan da nan aka zura siririn bututu ta wuyan hannunta aka buɗe jijiyar.

Kafin a sallame ta, likitar haƙorin ta leƙo duba ta. Anti ta kama hannunta ta riƙe gam, hawaye na bin kumatunta.

"'Yar nan, mahaifiyarki na da rai?"

"Tana nan, Mama."

"Ki gaishe ta. Ki ce mata na gode, Allah ya saka mata da alheri."