Yatsa Ɗaya a Kan Sitiyari

A garin da Glenys Tarrant take aiki, can yammacin jihar Queensland, kowa ya san ta, amma ba mai gaishe ta a kanti. Ita ce nas ɗin da ke bin gidaje tana duba masu ciwon damuwa da taɓin hankali, saboda haka duk wanda aka gani yana hira da ita, kafin ya kai gida an gama da shi a bakin mutanen gari. Ita ma ƙa'idar aikinta ke nan, ba ta fara gaida kowa a bainar jama'a. Matar da ta jiƙa mata kafaɗa da hawaye jiya, yau sai ta zo ta wuce ta, ta tsaya tana juya tumatir kamar ba ta taɓa ganin tumatir ba. Glenys ba ta riƙe kowa a zuci. Amma abin yana mata ciwo, kuma in ta koma gida ba mai jiran ta sai rediyo.

Gaisuwa ɗaya take samu ba tare da ta tona asirin kowa ba, ta kan hanya. In motoci biyu suka haɗu a daji, kowane direba yakan ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari, ya san ka ko bai san ka ba. Wata rana wannan yatsan ne kaɗai zumuncin da take gani daga safe zuwa yamma.

Merv Dunstall tsohon makiyayin tumaki ne, mai taurin kai. Matarsa Dot ta rasu, fari ya cinye masa rabin garke. Bai taɓa taka asibitinta ba, amma yatsansa ba ya fashi, kuma kullum karyarsa Biddy tana tsaye a bayan motar, iska na kaɗa mata kunne.

Wata Talata da hantsi suka haɗu. Ta ɗaga nata, shi kuwa ya wuce hannuwansa na manne da sitiyari. Ta duba madubi, bayan motarsa wayam, ba karyar. Ta ce wa ranta wataƙila rana ce ta haske masa ido, ga shi kuma ana jiran ta a gaba. Amma rashin yatsan da rashin karyar suka tsaya mata a rai, sai ta juya ta bi shi.

Ta same shi a gonarsa, a jikin shinge. Mazan wurin nan ba sa magana ido cikin ido, don haka ta jingina kusa da shi, su biyun suna kallon tumaki.

"Sista, ɓatan hanya kika yi?" in ji shi. "Mahaukatan naki ba a nan suke ba."

"Na sani, tsoho. Ina Biddy?"

Ya ce ya kai wa maƙwabcinsa da safe, wai can za ta fi jin daɗi. Karyar da yake raba abincinsa da ita! Glenys ba ta yi kwana-kwana ba.

"Merv, tunanin kashe kanka kake yi?"

Ya daɗe yana murza hularsa. Bai musa ba.

"Tun da Dot ta tafi," ya ce, "ba wanda ya tambaye ni komai, sai dai ko an yi ruwa a wajena."

Nan suka tsaya har inuwa ta juya. Ya miƙa mata makullin akwatin bindigarsa ba tare da ya dube ta ba. Ta kira likita, ta kira 'yarsa da ke bakin teku, sannan ta tasa shi gaba suka je suka karɓo Biddy, yana ta mitar ta sa shi abin kunya.

Bayan wasu makonni suka yi kiciɓis a kanti. Merv ya zo daf da ita, ya sunkuyar da kai, ya kama karatun gwangwanin wake. Ta wuce shi kamar yadda ta saba. A mota ta ɗan zauna kafin ta tayar, don wannan karon ta ji zafin abin sosai.

Kashegari ta hango motarsa tana tahowa a dajin nan, ga Biddy a baya. Yatsa ya tashi daga kan sitiyari. Ta ɗaga nata, ba ta sauke ba har ya ɓace daga madubi.