Bangon Kifi a Sabon Gari

A sabon kantin Baturen gyaɗa da ke Sabon Garin Gusau, wani dattijo na tsaye gaban bango, hannuwansa a baya, laka ta bushe masa har gwiwar hannu. Na ji ana ce masa Labbo. Daga faɗin kafaɗunsa da fason ƙafarsa, ina jin maginin rumbu ne daga wajen 'Yandoto, wanda tun tasowarsa hatsin kowa bai taɓa jiƙewa a hannunsa ba.

Baturen ne ya sa shi ya gina akwatin gilashi a cikin bango, da ruwa da kifaye a ciki. Labbo ya kewaye shi da zane mai kyau, ya shafe da makuba, ko tururuwa ba ta da hanya. Mutane sai leƙe suke yi suna salati.

Sai ga kukun Bature da ƙwaryar dusa.

"Baba, ta ina zan ba su abinci? Ta ina zan sake ruwa?"

"Ta bisa mana, kamar rumbu," in ji Labbo. "Wa ka yin ƙofa ƙasa, kyanwa ta shiga?"

Dukansu suka ɗaga kai. Azara ce jere a kan bakin akwatin, an daɓe ta da ƙasa. Labbo da kansa ya yi rufin jiya.

Kifayen na ta buɗe baki a jikin gilashi. Labbo ya ɗauki gatari, yana bin zanen da yatsa, yana neman inda ya fi muni ya fasa nan. Har na bar wurin bai samu ba.