Matajin Kiran Gemu

Jiya mai aski a kasuwar Tambuwal ya shafa haɓata ya ce, "Wannan ɗan gashin ma a aske?" Sai kakana ya faɗo mini a rai.

Bara 'yan ajinmu suka sa ni gaba, wai fuskata kamar bayan faranti, har na rantse na bar makaranta. Kaka ya ce, "Taho, abokina, in kira maka gemun."

Ya goga matajin roba a bargonsa mai ƙamshin turare har ya yi ɗumi, ya matso da shi kusa da hannuna. Bai taɓa ni ba, amma gashin hannun ya miƙe kamar an ta da sallah, fatar tana yar-yar. Ya kai matajin haɓata. Shiru.

"Kaka, bai amsa ba."

"Ya ji kira. Daga Kebbe ya taso, ka san hanyar. Jira shi a makaranta."

Na koma, har na koyo cewa gugar ce ke tara lantarkin da ke jan gashi.

Kaka bai ga isowar baƙon ba. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba ni gemun da zai cika matajin nan.