Tsohon Jirgin da Anti Rabi Ta Zaɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shirin tafiya college aka kira mu daga unguwar Small Heath da ke Birmingham. Anti Rabi, ƙanwar Mamana, ta rasu a asibiti. Ciwon nan ne da kullum take ce mana ba wani abu ba ne.

Akwai maganar da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ita: tuƙin jirgin sama nake so. A gidanmu na unguwar Longsight kowa ya ɗauka pharmacy zan karanta.

Anti Rabi likitar haƙori ce, amma tana da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi. Gajimaren ƙasar nan ya ishe ta, kullum ya hana ta tashi. Sai ta ce za ta koyi tuƙi da agogunan da ke nuna yanayin jirgi kaɗai, ko ba ta ganin komai a waje.

Hutun da ya wuce ta tafi da ni zaɓen jirgin da za ta koya a ciki. Ɗaya sabo fil, gabansa duk screen. Ɗayan tsoho, kujerunsa sun koɗe, agogunansa masu allura.

Na nuna sabon a kunyace.

Ta yi dariya. "'Yar novel kenan. Wannan ne attajirin littafinki mai ƙamshin turare, ko? Ni tsohon zan ɗauka. Shi nake samu duk weekend, na san halinsa. Ba a shiga gajimare da baƙo."

Muka tashi da malaminta, ina kujerar baya. Ta ce in rufe ido in faɗi yadda jirgin yake. Na ce a miƙe muke. Ashe juyawa muke yi.

"Kin gani? Jiki yana yi wa mutum ƙarya, tsoro ma haka. Allura ake dubawa."

A mota na gaya mata burina. Wannan karon ba ta yi dariya ba.

"Ki faɗa wa Mamanki da bakinki. Zan zauna kusa da ke."

Allah bai nufa mun yi zaman ba.

Yanzu muna hanyar Birmingham, Mama na gefena tana jan carbi. Idan an tashi daga zaman makoki zan faɗa mata da bakina. Don Allah kada wani ya riga ni.

Allah Ya jiƙan ki Anti, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce masauki. Wanda duk ya karanta, ya sa ta a addu'a.