Taɓaryar Da Muka Yi Wata Guda Muna Daka Yaji Da Ita

Shekarun baya, lokacin ina sabon shiga harkar gwanjo a nan Doha, na taɓa sayen abin da ya kusa raba ni da ƙasar, ko ma da duniyar baki ɗaya.

Ga yadda sana'ar take. Idan kwantiragin Bature ya ƙare zai koma gida, ba ya da lokacin sayar da kujera ɗaya ɗaya. Sai ka saye kayan gidan ɗungurungum, daga firji har cokali. Ni dabarata, kafin in yi tayi sai na zaga kowane ɗaki na ɗauki hoto da waya, don kada a zare wani abu bayan an gama ciniki. Haka na yi da wani Bature a unguwar West Bay. Muka daidaita, na kwashe kayan zuwa unguwarmu Najma, masu tsada suka tafi kasuwa, tarkacen kuma na zuba a kwali a ɗakin da muke haya.

A cikin tarkacen akwai wani ƙarfe mai nauyi, tsawonsa kamar daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, gindinsa a shafe, kansa da ɗan tsini. Na ɗauka kayan ado ne irin na Turawa, su da ke ajiye ko dutse a kan kanta. Abokina da muke ɗaki ɗaya, direba ne, shi ke mana girki. Ya ɗaga shi ya jinjina ya ce, "Alhaji, wannan ai taɓarya Allah ya kawo mana." Muna da ɗan turmi amma taɓaryarsa ta tsage. Daga ranar, barkono, citta, daddawar da ake aiko mana daga gida, duk da ƙarfen nan ake dakawa. Har yabonsa muke yi, wai ba ya gajiyar da hannu.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci, maƙwabcinmu ya leƙo. Dattijo ne mutumin Jos, Kirista, yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma ya yi aikin soja kafin ya fito, don haka Soja muke ce masa. Ƙamshin miya ne ya jawo shi. Ya shigo yana tsokana, "Ku Kanawa ba kwa kiran mutum sai an gama cinyewa." Sai idonsa ya sauka a kan taɓaryar tamu. Abokina yana tsugune, ya ɗaga ƙarfen zai buga.

Soja ya ce, a hankali, "Kada ka sauke hannun nan da ƙarfi. Ajiye shi kamar kana kwantar da jariri."

Abokina ya yi dariya. "Baba Soja, yunwa ce ko?"

"Na ce ka ajiye. Harsashin igwa ne a hannunka."

Abokina ya kwantar da shi a kan katifa, ya ja da baya har ya bugi bango. Soja ya duƙa daga nesa ya karanta rubutun da ke gindin. Ya ce na yaƙin duniya na farko ne, ya haura shekara ɗari. Na ce to ai ya mutu ke nan. Ya ce, "Alhaji, mutum ke mutuwa. Wannan tsufa ƙara masa fushi yake yi. Wataƙila an kwashe albarushin, wataƙila ba a kwashe ba. Ni ba zan rantse maka ba."

Ginin nan cike yake da mutane, kowane ɗaki gadaje hawa-hawa, 'yan Nepal a sama, 'yan Bangladesh a ƙasa, kuma ranar hutu kowa yana ciki. Wannan tsoro ɗaya. Na biyun kuwa, ni baƙo ne mai iƙama, wato takardar izinin zama, ga kayan yaƙi a ɗakina. Wa zai tsaya jin bayanin ɗan Najeriya mai gwanjo?

Abokina ya ce mu naɗe shi a bargo mu kai Corniche, titin bakin ruwa, mu jefa a teku. Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na lissafa hakan, na kuma lissafa cusa shi cikin tsofaffin ƙarafa. Soja ya dube mu ya ce, "Wa zai riƙe shi a mota? Kai? Ga kyamara a kowace kusurwa. In an kama ku da shi a ɗaki, ku wawaye ne. In an kama ku da shi a hanya, ku wani abu ne daban." Na auna maganar irin yadda nake auna kaya, na ga zama wawa ya fi araha.

Na kira kafil ɗina, wato ubangidan da ya tsaya mini nake zaune a ƙasar. Ya saurara, ya ce, "Khalas, shi ke nan, kada wanda ya taɓa, ku fita." Shi ya kira 'yan sanda.

Aka fitar da kowa daga ginin, aka ja igiya a bakin layi. Mutane tsaye cikin rana, wasu da tawul a ƙugu, kowa yana nuna ni da baki. Muna tsaye a wurin Soja yake ba ni labari, ina jin don ya hana ni faɗuwa ne. Ya ce Ingila da Faransa da Jamus ne suka gama rabon ƙasashen mutane, kowa yana ganin rabon ɗan'uwansa ya fi nasa, suka yi ta tara makamai har abin ya fashe a kansu. Ya ce kakansa ma an kwashe shi ɗaukar kaya zuwa Kamaru a yaƙin, bai dawo ba, kuma har ya tafi bai san abin da ya haɗa Turawan faɗa ba. Na tuna kakata ita ma tana ambaton yaƙin Jamus, da yadda samari ke kwana a daji don gudun a kama su. Ban taɓa ɗaukar labarin a matsayin abin da ya shafe ni ba.

Masu kwance bam, cikin sulke, suka fito da abin a cikin akwati, ni kuma aka sa ni a mota. A ofis tambaya ɗaya ake juya mini: daga ina, wa ya ba ka, me za ka yi da shi. Da na ce yaji muke dakawa, mai tambayar ya ajiye biro ya daɗe yana kallona. Ni kuwa ina ta hango mahaifiyata ana gaya mata an tsare ni a kan bam.

Sai na roƙa a ba ni wayata. Na buɗe hotunan gidan Baturen. Ga ƙarfen nan a kan kantar falo, kusa da hoton wani saurayi cikin kakin soja na da. Suka nemo Baturen a waya, ya riga ya isa ƙasarsu. Ya ce tsarabar kakansa ce daga fagen fama, kuma ya rantse fanko ne. Kafin magariba kafil ya sa hannu aka sake ni. A bakin ƙofa na tambayi jami'in ko da gaske fanko ne. Ya ce, "Yalla, tafi gida." Har yau amsar da na samu ke nan.

Mai gidan haya ya ba mu notis a satin, ban yi musu ba. Iƙamata ta tsira, sana'ata ta ci gaba, yanzu har shago gare ni. Amma ba na loda kayan da ban san sunansa ba, kome kyansa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka ƙulla wancan yaƙin duk sun zama ƙasa, daulolin da suka yi faɗa a kansu sun watse, amma guntun ƙarfensu ɗaya ya tsayar da gini guda na talakawa a rana. Shi ya sa idan matasa suna musu a shagona a kan manyan ƙasashe, wannan yana goyon wancan kamar ƙwallo ake bugawa, ba na sa baki. Ina tunanin harsasan da ake harbawa yau, da ɗakin wanda za su je su kwana a ciki bayan mu duka mun tafi.