Ranar da Dutsen Shanya Ya Dare

Bayan garinmu, ta hanyar Kafur, akwai falalen dutsen da muke shanya a kai. Kowane gida da wurinsa. Na kakata yana can sama, inda wani farin zane ya ratsa dutsen tun daga ƙasa. Jijiya muke ce masa.

Bara kakar tawa ta damƙa mini gadin barkonon da za ta ci shekara guda. "Ke mai bakin tsiya," ta ce, "ɗaya ya ɓace, ke zan daka a yaji."

Na gama bazawa ke nan na hango Kawu, autanta, yana hura wuta a gindin dutsen. Duwatsun harsashin ɗaki yake nema. Haka ake yi a wajenmu: a gasa dutse, a kwara ruwa, ya ɓantare.

"Kawu, wutarka a kan jijiya take fa! Malaminmu ya ce tsohon tsagi ne. Tun kafin a yi mutane dutsen ya tsage, narkakken dutse ya taso ya cike gurbin. Ya ce ko ƙasa za ta dare, ko dutse zai yi aman wuta, tsohon tabo suke bi."

"Sannu, Malama! Barkononki yana can nesa kamar Funtuwa. Je ki kori awaki."

Da dutsen ya gasu, ya kwara ruwa.

Ƙarar nan, na tabbata har Malumfashi kaji sun fasa ƙwai. Tsagi ya taho ta kan jijiya kamar tela na keta yadi, ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ya raba shanyar biyu. Na yi tsallen da na kusa gaisawa da shirwa. Ina dirowa na ga barkono yana gangarawa cikin rami, ja wur.

Kawu ya daskare da bokiti a hannu, sai salati.

Kaka ta iso ba ko takalmi. Ta leƙa ramin, ta ji yadda muka yi da Kawu, ta dubi ɗanta, ta juyo kaina.

"Ke da kika sani, me ya hana ki kwashe?"

"Wallahi Kaka, na ɗauka a aji kawai ake faɗa!"

Har la'asar ni da Kawu muna rub da ciki, muna zura ludayi ɗaure a sanda, muna atishawa. Ko rabi ba mu ceto ba.

Da damina ta sauka, barkono ya tsiro cikin tsagin, a jere. Kaka ta ce nata ne, kuma ni ce mai gadi.